Dukiya da Arziki: Tarken Rubuce-rubucen John Ruskin a Ma'aunin Jazira

Wannan takarda za ta dubi jigon ƙwadago a rubuce-rubucen John Ruskin (1819–1900), mai tarken zane da gine-gine ɗan ƙasar Ingila, sannan ta auna shi da rayuwar Hausawan Jazira a Sudan. Cook da Wedderburn ne suka tattara ayyukansa a mujalladi 39 tsakanin 1903 da 1912. A shekarar 1903 ɗin ce kuma Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ja sauran masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar.

Ruskin ya faro ne daga gini. A The Stones of Venice (1853) ya yaba wa maginan da, waɗanda aka bari suka sassaƙa dutse da tunaninsu, ko da aikin ya fito da 'yar karkata. Ya ce masana'antar zamani ta raba aiki gutsure-gutsure, a garin haka ta gutsuttsura shi kansa ma'aikacin. A Unto This Last (1862) sai ya tunkari masana tattalin arziki, inda ya nuna cewa abin da ya tara kuɗi amma ya tauye rai bai cancanci a kira shi wadata ba. Salonsa na wa'azi ne: dogayen jimloli, da tsoratarwa, da yawan jingina da Baibul.

A nan ɗalibin fassara yana da sa'a. Bambancin da Ruskin ya sha wahala kafin ya fitar a Ingilishi, har sai da ya ƙirƙiro sabuwar kalma, Hausa ta riga ta tanade shi. Dukiya ita ce abin da ake ƙirgawa. Arziki kuwa ya haɗa da lafiya da 'ya'ya da mutunci, shi ya sa ake ce wa talaka mutumin arziki. Wanda duk ya fassara Ruskin da kalmar “dukiya” kaɗai ya kashe jigon.

Jazira ta gaskata shi. Bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, an shimfiɗa noman auduga domin ciyar da masaƙun Ingila, irin masana'antun da ya soka. Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda ake yi wa jam'u da sunan Fallata, suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin noma da tsinkar audugar. Wasunsu sun sami gonakin haya, amma da yawa sun ƙare a matsayin 'yan ƙodago a sansanonin da ake kira kambo, jikokinsu ma ba su mallaki ƙasar da suke zaune a kai ba.

Sai dai tarin mujalladan nan yana tona asirin mai su. A laccarsa ta kama aiki a Jami'ar Oxford a 1870, Ruskin ya yi kira ga Ingila ta gaggauta kafa mulkin mallaka a duk inda ta samu ƙasa. Kafin nan ma ya mara wa Gwamna Eyre baya, wanda ya murƙushe boren baƙar fata a Jamaika a 1865. Tausayinsa ya game leburan Ingila, bai kai ga baƙin da ke ƙarƙashin tutarta ba. Gandhi, wanda ya karanta Unto This Last a 1904, shi ya ɗauko hujjar ya juya ta a kan masu mulkin. Ɗalibin da aka ba wa wannan littafi shi kaɗai zai ɗauka Ruskin na gefen mai tsinkar auduga ne. Laccar 1870 kuwa tana gefen waɗanda suka gina madatsar.