Gambarar Zamani a Gidan Rediyo

Wata rana da dare, bayan an yi sallar lisha, ina zaune teburin wani mai shayi a bakin hanyar mota nan Tsafe, sai wani yaro ya murɗa rediyo ya kamo wata tasha ta birni. Muka ji wani kiɗa mai nauyi yana dukan ƙirji, ga kuma wani saurayi yana zuba magana bisa kiɗan kamar ruwan Agusta bisa rufin kwano. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ajiye kofinsa, ya ce, "Yara, wannan waƙa ya ke yi, ko kuwa faɗa ya ke da wani?" Samari suka bushe da dariya, suka ce, "Baba, ai firistayil ke nan. Nan take ya ke ƙaga ta, bai shirya ba." Dattijo ya ce, "Madalla. To, me ya ce?" Sai wuri ya yi tsit, aka rasa wanda zai iya maimaita ko da magana guda. Tun daga wannan dare na shiga sauraron irin wannan shiri da kunnen basira, don in gane ko dattijon ne ya tsufa, ko kuwa mawaƙin ne ba shi da abin faɗi. Abin da na gano shi ne na ke so in bayyana muku, ya ku 'yan'uwa da Allah ya buɗe wa ido da karatu.

Da farko ya kamata mu san asalin abin, gama ba a yanke wa baƙo hukunci sai an tambayi garinsu. Sunan wannan kiɗa hip-hop, mu kuwa muka laƙaba masa gambarar zamani, don ya yi kama da aikin 'yan gambaranmu masu bin kasuwa suna jera magana bisa kiɗa. Mahaifarsa wata unguwar talakawa ce da a ke kira Bronx, cikin birnin New York na Amurka. A kan ƙidaya farkonsa daga ran 11 ga Agusta, 1973, sa'ad da wani saurayi haifaffen Jamaika, mai laƙabi DJ Kool Herc, ya shirya wasa a ɗakin taro na gidan hayar da su ke zaune. Shi ne ya lura 'yan rawa sun fi zabura daidai wurin da mawaƙi ya yi shiru, ganguna kaɗai ke tashi. Sai ya nemi faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora kowane bisa garmahonsa, in gangunan wannan sun ƙare ya saki na wancan, kiɗa ya yi ta tafiya ba yankewa. Abokinsa Coke La Rock kuwa ya riƙe lasifika yana kiran sunayen abokai yana wasa su. Ka ga an sami mutum biyu ke nan: mai haɗa faifai, watau dije, da mai magana bisa kiɗa, watau emsi. In mun duba da kyau, makaɗi ne da sanƙiransa.

Rediyo shi ya zama fagen gwajinsu. Daga 1990 zuwa 1998 waɗansu samari biyu, Stretch Armstrong da Bobbito, sun riƙe wani shiri na tsakar dare a 'yar ƙaramar tashar Jami'ar Columbia. Su kan saki kiɗa, su miƙa wa yaron da ba wanda ya san shi lasifika, su ce ya nuna abin da ya iya. Nas da Jay-Z da Notorious B.I.G. duk sun ratsa ta wannan ɗaki tun duniya ba ta san su ba. Daga can abin ya watsu. Kafin shekarar 2000 an sami ƙungiyoyi a Yamai, irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia, suna yi da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. A Nijeriya kuma ƙofa ta ƙara buɗewa da zuwan tashoshin da ba na gwamnati ba, kamar Freedom Radio ta Kano a 2003, da talabijin na Arewa24 a 2014, inda Nomiis Gee ya yi suna wajen gabatar da waɗannan waƙoƙi. Aka ji Ziriums daga Kano, da Classiq daga Bauchi, da Morell daga Barno, da DJ AB daga Kaduna, har yaran Gusau da Tsafe suka ɗauka.

To, bari in fara da yabo, don kada a ce tsoho ya zo da sanda. Abu na farko, wannan fage ba ya tambayar gado. A al'adarmu kiɗa gado ne, ɗan makaɗi shi ke ɗaukar kotso. Nan kuwa ɗan manomi da ɗan tireda da mai tura baro duk ɗaya ne, in harshensa na da kaifi za a ji shi. Na biyu, aikin dije gwaninta ce ta gaske. Ya kan jera waƙa ashirin ko talatin, ya daidaita saurin gangar wannan da na waccan, ya haɗa bakinsu kamar yadda gwanin tela ke haɗa ƙyalle, har mai saurare ya kasa gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta soma. Yau da kwamfuta su ke yi, garmaho ya kau, amma kunne shi ne dai jari. Na uku, tsayawa gaban lasifika a yi magana nan take sai mai ƙarfin hali. Ni akawu ne, in na yi kuskure na kan soke in sake. Wanda ke magana a iska ba shi da abin gogewa, abin da ya fita ya fita ke nan.

Amma fa akwai aibi, kuma ba kaɗan ba. Na farko shi ne da'awar nan take alhali kuwa hadda ce. A gaskiya can Amurka ma kalmar firistayil ma'ana biyu gare ta: akwai baitocin da mutum ya rubuta a gida bai ɗaure su ga wani jigo ba, akwai kuma waɗanda ya ƙaga a tsaye. Ba laifi mutum ya zo da haddarsa. Laifin shi ne ya rantse yanzu ta faɗo masa, sa'an nan bayan mako biyu a ji ya rattabo ta daidai wa daida a wani shiri. Wannan algus ne, kamar mai nonon da ta zuba ruwa.

Aibi na biyu, cutar da harshe. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai ja da taƙaitawa. Garin da a ke zama cikinsa dabam, garin da a ke tuwo da shi dabam. Kukar miya dabam, kukan jariri dabam. Wuyan riga dabam, wuyar aiki dabam. A rubutun boko kamarsu ɗaya, baki ne ke rarrabe su, shi ya sa kalangu ke iya magana, don yana bin hawa da saukar murya. To, yaro ya ɗauko kiɗan da aka yanka wa Turanci, ya cusa Hausa ciki da ƙarfi, ya gutsure mai tsawo, ya ja gajere, yaya dattijo zai gane? Ga kuma ƙafiya mai araha. Kusan kowace kalmar Hausa da wasali ta ke ƙarewa, da yawa kuwa da "a". Saboda haka jera layi goma masu ƙarewa da "a" ba abin a yaba ba ne, mai tallan ƙosai ma tana yi ba ta sani ba. Malamanmu masu waƙar ajami su kan riƙe harafi guda, kamar "ra" ko "wa", tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, ga awo, ga ma'ana. Abin da ya fi ba ni takaici kuwa, yaron da aka haifa Tsahe, wanda uwarsa ke cewa "wanga" da "wagga", da ya kama lasifika sai ya ji kunyar bakin gidansu, ya ari na Kano rabi, na Amurka rabi. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Aibi na uku shi ne babba, watau kirari ba aiki. Cikin goma da na saurara, mafi yawa maganarsu ɗaya ce: ni ne sarki, na fi kowa, ina da mota, magabtana sun gudu. Kirari ba baƙonmu ba ne. Ɗan dambe ya kan yi shi, amma da ya rufe baki sai ya shiga fage a ga gaskiyarsa. Ɗan'anace ya wasa Shago ne don jama'a sun ga abin da hannun Shago ya aikata. Wanda ya zo gidan rediyo bisa babur na haya yana kirarin motoci, wa zai ba shi gaskiya? Mafi muni, waɗansu har su kan kwaikwayi kirarin bindiga irin na Amurka, a ƙasar da bindiga ta hana mutane noma, ta mai da mata gwauraye. Dije kuma ya kan ƙara nasa, ya yi ta ihun sunansa bisa waƙar wani, ya yanke ta kafin ta kai ga ma'anarta, ya wuce bai ko faɗi mai ita ba.

Na yi ta tunani bisa waɗannan aibobi uku, sai na ga duk saiwarsu ɗaya ce: rashin guzuri. Samarinmu suna zaton waƙar nan take daga iska ta ke faɗowa. Ba haka ba ne. Ku dubi Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, wanda ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙar da har yau ba ta tsufa ba. Ya yi shekaru yana amshi bayan mahaifinsa, sa'an nan bayan wansa Kurna, kafin ya ja nasa ayari. Makaɗin fada irin wannan ya san kakannin sarki, ya san garuruwan ƙasarsa da hakimansa, ya san wanda ke adawa da shi. Don haka in baƙo ya shigo ana tsakiyar kiɗa, nan take ya kan saƙa shi cikin waƙa, ba a ga tabon ɗinki ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙaga waƙa a tsakiyar fili, amma tun yana yaro ya ke bin kasuwanni da tallan goro, ya san direba, ya san ɗan kasuwa, ya san bakin kowa. Abin da mutum ya tara cikin shekara ashirin shi ya ke fitarwa cikin minti ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin tarawa kuwa ga shi nan zube a ƙofar gida. Ga manomin ƙasar Bungudu da ya bar gonarsa ta daji don tsoro. Ga direba mai bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau da addu'a a bakinsa. Ga yaran da gubar dalma ta kashe a ƙasar Anka da Bukkuyum cikin 2010. Ga masaƙar Gusau da ta yi shiru. Ga 'Yandoto, tsohon garin malamai, ga dutsen Kwatarkwashi. Kada kuma a ce maganar yara ba ta da nauyi. A 2009 wata kotu a Kano ta hana waƙoƙi 11, ciki har da ta Ziriums, ba a kuwa kai maganar banza gaban alƙali.

Na taɓa jin wanda ya yi daidai, a teburin mai shayin nan. Wani mai saurare ya buga waya ya ba da kalmar "gero". Yaro na farko ya taɓa ta sau ɗaya, ya ruga ya koma ga haddarsa. Na biyu kuwa ya tsaya kanta. Ya yi maganar kuɗin tiya, da rumbun da aka ƙone a ƙauyensu, da yadda uwarsa ke auna na dare ta rage na safe. Sau biyu ya yi tuntuɓe, kiɗa ya wuce shi ya kamo. Amma ba wanda ya motsa cokali har ya gama, kuma kashegari na ji dattijon nan yana ba wani labarin abin da yaron ya ce. A ganina wannan shi ne ma'auni: in an kashe rediyo, me ya rage a kunnen mutane?

Na san akwai masu cewa a hana abin gaba ɗaya a huta. Ban bi su ba. Wayar hannu tana aljihun kowane yaro, in an kore shi daga rediyo sai ya koma inda ba babba ko ɗaya. Gidan rediyo kuwa yana da mai gadi, kuma na kowa ne. Mun gani a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a Zamfara, rediyo shi ya rage mana. Fili mai daraja irin wannan gyara ya ke bukata.

Gyaran nan kuwa akwai hannunku ciki. Kun iya rubutu yanzu, to, ku ɗauki alƙalami ku rubuta wa gidan rediyon da ku ke saurare. Ku roƙi abu uku: a bar masu saurare su riƙa ba da kalmar da za a yi waƙa kanta, dije ya riƙa faɗin sunan mai waƙa da garinsu, kuma a riƙa sa kotso da kalangu cikin haɗin, don yara su ji yadda ganga ke bin Hausa. In kuwa akwai mai wannan sha'awa a gidanku, kada ku zage shi. Ku ba shi littattafan da kuka karanta, ku zaunar da shi gaban tsofaffi ya ji karin magana da labarin garinsu. Zamani riga ne, kowa da irin tasa, amma kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, amin.