Thoreau da King: Yaushe Karya Doka Ke Gyara Ƙasa?

A watan Yulin 1846 aka kulle Henry David Thoreau a garin Concord na jihar Massachusetts, saboda ya ƙi biyan haraji don nuna adawa da bautar da mutane da kuma yaƙin Amurka da Meziko. Kwana ɗaya ya yi, wani ya biya masa, aka sake shi. Daga nan aka samu maƙalarsa ta 1849, wadda hujjarta ita ce lamirin mutum yana gaba da dokar gwamnati.

Maƙalar tana da daɗin karatu, amma tana da ɓaraka. Idan lamirin kowa ne alƙali, azzalumi ma zai ce nasa ya bi. Ranar 11 ga Yunin 1963 gwamnan Alabama, George Wallace, ya tsaya a bakin ƙofar jami'ar jihar don hana ɗalibai biyu baƙar fata shiga, duk da umarnin kotu. Shi ma gani yake yana kan gaskiya. Thoreau bai bar mana ma'aunin da za mu raba shi da mai neman adalci ba.

Wasiƙar da Martin Luther King ya rubuta daga kurkukun Birmingham a watan Afrilun shekarar ita ce ta toshe wannan ɓaraka. Amsa ce ga shugabannin addini takwas, fararen fata, da suka ce ya yi gaggawa. King ya fayyace dokar zalunci: wadda masu rinjaye suka ɗora wa tsiraru amma suka tsame kansu, ko wadda aka hana tsirarun ƙuri'a lokacin kafa ta. Sannan ya gindaya sharuɗɗa: a fara neman sulhu, a karya dokar a fili, ba tashin hankali, a kuma karɓi hukuncinta. Da wannan ma'auni Wallace ya faɗi, domin gatan masu mulki yake karewa, kuma da sojoji suka iso sai ya kauce.

A ganina King ya fi gaskiya. Wanda ya miƙa kansa ga kurkuku bai raina doka ba, ƙara ya kai gaban jama'a, kuma Amurka ta amsa da dokar 'yancin jama'a ta 1964. Sai dai dabarar tana buƙatar 'yan jarida masu 'yanci da jama'a masu jin kunya. Inda babu su, mai bijirewa zai ruɓe a kurkuku ba wanda ya ji.