Sharhi Kan Hanyar Adana Ginin Gargajiya na Hausa

Daga cikin ayyukan da aka gudanar kan ginin gargajiya a Nijeriya, da wuya a sami wanda ya kai na Zbigniew Dmochowski, wanda aka buga cikin juzu'i 3 a shekarar 1990, bayan rasuwarsa. Ya auna gine-gine, ya zana su, sannan a Jos aka gina kwaikwayon Masallacin Juma'a na Zariya da wani sashe na ganuwar Kano. Babu shakka wannan aiki abin yabo ne.

Sai dai wannan hanya ta fi mayar da hankali ga siffar gini fiye da ilmin magina. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe bayan kowace damina, yaɓe kuwa sai da gwani. Ɗauki misalin laso: ana haɗa shi da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da kuma dafara. Ke nan idan karofi ya mutu, laso ya bi shi, kalmar ma ta ɓace. Haka makuba take dogara ga ɗorawa, azara kuma ga giginya.

Bugu da ƙari, da Ingilishi aka rubuta littafin, alhali yawancin magada Babban Gwani Muhammadu Durugu ba sa karanta shi.

Saboda haka, wajibi ne masana harshe su tattara kalmomin wannan sana'a daga bakin magina, su rubuta bayaninsu da Hausa, tun kafin siminti ya binne su.