Baƙin Akushi Ba Dauɗa Ba Ne

Masu cewa akushi ƙazanta ne sun daɗe suna faɗa, ba a kuma cika tanka musu ba. Ma'aikacin lafiya zai ce icce yana shan miya, ƙwayoyin cuta su samu maɓoya. Amaryar zamani za ta ce baƙinsa kaɗai ya isa ya kashe wa baƙo sha'awar abinci. Ga kuma masoyansa na fatar baki, masu fito da shi ranar bikin al'adu a makaranta, a ɗauki hoto, a mayar da shi ƙuryar ɗaki sai wata shekara. A wurina waɗannan na ƙarshe sun fi kowa cutar da shi.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. Tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega, 'yan shekaru bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, kasuwarta ta zama matattarar fatake a ƙasar Gwandu, kuma kayan sassaƙa na cikin abin da ƙauyukan kewaye irin su Alelu ke saye da sayarwa a cikinta: turmi, taɓarya, muciya, kujerar mata, ƙotar kalme, allo. Sakke, wato masassaƙi a bakin mutanen wannan yanki, gadon sana'ar yake yi. Sai kamfanonin Turawa suka shigo da kwanon fenti, daga 1960 aka kafa kamfanin ƙera shi a Legas, jeren amarya ya koma langa da fanteka. Tangaran ya biyo baya, sannan roba da kula. Kowannensu ya zo da alkawari iri ɗaya, cewa ba ya buƙatar kulawa.

Inda nake so a tsaya shi ne baƙin nan da ake ƙyama, domin nan gwanintar take. Sakke yana sarar iccensa ɗanye, galibi ɗanya ko maɗaci, saboda gizago ya fi shiga ɗanyen icce. Ba daga gicciyen kututture yake fitar da akushi ba kamar yadda ake fafe turmi. Tsaga gungumen yake yi biyu, ya fafe kowane ɓari ta gefe, ya kauce wa zuciyar iccen, domin daga nan tsagewa ke farawa. Idan ya gama, sai ya ajiye shi a inuwa ya sha iska a hankali. Wanda ya yi gaggawa ya shanya a rana, kafin mako bakin akushin ya dare. Bayan ya bushe ne ake kawo wuta. Ana gasa ƙarfe har ya yi ja, a riƙa goga shi a jikin akushin, hannu yana tafiya ba tsayawa. Ƙarfen ya daɗe a wuri ɗaya, icce ya zama gawayi, ya riƙa zuba a tuwo. Ya wuce da sauri, sai a samu jaja-jaja mai dabbare-dabbare da ba ya hana ruwa shiga. Abin da ake nema yana tsakani: fatar iccen ta gasu, ta yi tauri, amma cikinsa bai san an yi ba. Gwani da hanci yake ganewa, domin ƙamshin gasasshen icce daban yake da ƙaurin ƙonanne. Da bakin wannan ƙarfen kuma ake ja wa leɓen akushin zane, layi biyu ko uku, wani lokaci da 'yan kusurwoyi a tsakaninsu. Ni dai na fi son mai ƙarancin zane. Yawan ado a jikin akushi sau da yawa rufa-rufa ce ga fafewar da ba ta daidaita ba. A ɗaga shi a ƙwanƙwasa da yatsa a zagaye: idan kaurinsa ɗaya ne, muryarsa ma ɗaya ce.

Tun yana da ɗumi ake shafa masa mai, ya tsotse. To daga nan aikin sakke ya ƙare, amma akushin bai kammala ba. Sabon akushi baƙinsa busasshe ne, yana kama yatsa. Baƙin nan mai sheƙi da santsi da muke tunawa a ɗakin kakanninmu, shekaru ne na miya da man shanu da tafin hannun mace suka yi shi. Shi ya sa nake cewa rabin wannan sana'a a hannun mata take, kuma duk nazarin sassaƙa da ya tsaya ga gatari da gizago, rabin labari ya bayar. Dokokin ba a rubuce suke ba, a faɗa ake koyonsu. Yarinya ta tsoma akushi a bahon wanke-wanke ta tafi wasa, sai a ji murya daga ɗaki: "Ke 'yar nan, wa ya ce ki jiƙa min shi? Fiddo shi maza ki kife a inuwa." Ta ce, "Inna, ƙanzo ne ya kama." "To ƙanzon da hannu ake bi, ba da kwana a ruwa ba." Icce ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ba daidai yake tsukewa ta kowane ɓangare ba. A yi masa haka sau da yawa, dole ya tsage. Lokacin hunturu ya fi haɗari, sa'ad da iska ke fasa leɓe da dunduniya, shi ya sa da an ga hazo ake shafe shi da man kaɗe ciki da waje. Wasu suna sa man gyaɗa, amma ban yarda da su ba, domin yana yin wari idan ya daɗe, yana kuma kiran kyankyasai. In ma ya tsage ba a yar da shi, ana ɗinke tsagar da waya ko a ɗame ta da ɗan ƙarfe, kamar yadda gyartai ke ceton ƙwarya.

Zargin ƙwayoyin cuta kuwa, an riga an gwada shi. A 1994 Dean Cliver da abokan aikinsa a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi da katakon yankan nama. Sun samu cewa ƙwayoyin da aka zuba a kan icce suna nutsewa ciki, ba sa dawowa sama, a can suke mutuwa, alhali robar da wuƙa ta kakkarce tana da wuyar wankuwa. Wannan ba lasisin barin akushi da miyar jiya ba ne. Amma wanda ke cin tuwo a tsohuwar robar da ta yi kaushi ba shi da bakin yi wa mai akushi wa'azin tsabta. Kuma kowa ya san tuwon da ya kwana a kula yadda yake jiƙewa da gumi. Icce yana riƙe zafi, yana kuma shanye tururin da ya yi yawa. Mutanen Japan har gobe suna juye shinkafa a ɗan bahon katako saboda wannan dalili, ba wanda ya ce da su ƙauyawa.

Abin ma da ban dariya, a Amurka da Turai yanzu akwai masu kashe kuɗi a kan 'yan na'urorin katako da aka sassaƙa da hannu, waɗanda ke gasa busasshen ganye har ya fitar da tururi ba tare da ya kama wuta ba. Yawancinsu tabar wiwi suke zubawa, wannan kuma haramun ce a dokarmu, ba ita nake tallatawa ba. Gardamarsu ce ta ja hankalina: wane icce ya fi jure zafi, kakin zuma ya fi ko mai, kada a jiƙa, kada a bari a rana. Da sun tambayi tsohuwa ɗaya a Maiyama da ta taƙaita musu.

Masu cewa sassaƙa ce ke cinye daji ba sa buƙatar doguwar amsa. Akushi ɗaya yana yi wa gida hidimar shekaru masu yawa. Tirelolin gawayi ne suka ƙarar da kirya, madobiya kuwa jiragen ruwa suka kwashe ta zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke tsare cinikinsu a 2016. Gizagon sakke bai kai nan ba.

Saura masoyan ranar biki. Akushin da aka ajiye don kallo, ko a Gidan Makama ne ko a gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ko a saman kabad, ba ya samun miya, ba ya samun hannu, sai ya yi fari-fari, ƙwaro ya fara zubo da gari daga ƙarƙashinsa. Masassaƙa ba su ƙare ba. Turmi da taɓarya da ƙota suna nan a kasuwar Jega, domin har yau ba a yi robar da za ta iya aikinsu ba. Masu riƙon akushi ne suka yi ƙaranci, shi ya sa sau da yawa sai an nemi sakke an ba shi aikin musamman, a faɗa masa iccen da ake so da girman gidan da zai ci a ciki, a ba da kafin alƙalami, sannan a jira ya bushe.