Tsohon da Muka Yi wa Dariya

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya halarci bikin rufe lakwal na bana ya san wasan da nake nufi. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka tsara shi abokaina ne, tare muke cin ƙosai bakin titi, kuma ni ne na riƙe musu fitila a daren. Saboda haka in na yi suka, har da kaina nake yi.

Ga labarin, don wanda bai gani ba. Wata yarinya ta ci bak, ta ce ita wasan kwaikwayo za ta karanta a Yamai. Ubanta, da gemun auduga da rawani a karkace da sanda a hannu, ya yi tsalle ya dire, ya ce ɗiyarsa ba za ta zama ƴar iska ba yana raye. Uwar tana gefe tana kuka. Yarinyar ta sulale da asuba. Aka ja labule, wani ya fito ya ce shekara 5 sun wuce. Sai ga ta ta dawo cikin mota, wato benci biyu da aka lulluɓe da zane, duk gari an gan ta a tele. Uban ya durƙusa yana neman gafara, ita kuwa ta biya masa kujerar Makka. Aka yi tafi, muka yi dariya har da riƙe ciki.

Kan hanyar gida ina tafe da kawuna, manomi ne, bai taɓa zama aji ba. Sai ya ce mini: "Yaran ga sun iya, wallahi. Amma hwa ni ban ji inda anka ce lakwal ɗin take ba. Kuma wa ya ba ta tuwo shekara biyar ɗin ga?" Na yi shiru. Tun daren nan nake juya maganar, kuma ita ce ta haifi wannan rubutu.

Bari in fara da abin yabo, don akwai shi. Yarinyar da ta fito a uwa ta yi wasa na gaske. Wurin da ta kwance bakin zanenta ta ƙirga ƴan canji, ta sake ƙirgawa, ta ɗaure, ta kuma kwancewa, ba ta ce uffan ba amma filin duka ya yi tsit. Harshen wasan ma namu ne, Arewanci tsantsa, babu kwaikwayon bakin Kano irin na fina-finan da muke turawa juna a waya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar tana wurin uban. An ba shi gemu da sanda da ihu, an hana shi hankali. Duk tsawon wasan bai yi tambaya ko ɗaya ba, sai zagi da rantsuwa. To, ku dubi iyayenmu na gaskiya. Wanne cikinsu ne, in ka zo masa da magana irin wagga, ba zai zaunar da kai ya tambaye ka ba? Ina lakwal ɗin take? Ta gwamnati ce ko ta kuɗi? Wa zai sauke ki? In kin gama, wane aiki takardar ke bayarwa? Waɗannan tambayoyin mai hankali ne, wanda ya san zafin jika ɗaya. Mun cire su daga bakin tsohon don mun san in ya yi su, jarumarmu ba ta da amsa, mu ma da muka rubuta ta ba mu da ita. Sai muka mai da shi mahaukaci don mu huta.

Kuma ai iyayenmu ba baƙin wasa ba ne. Su ne suka yi samariya zamanin Seyni Kunce, lokacin da kowace jiha ke aika ƴan wasa da mawaƙa gasar matasa ta ƙasa. Su ne suka zauna gindin rediyo da gaban tele suna dariyar Yazi Dogo. Mutumin da ya yi wannan bai ƙi wasa ba. Abin da ya sani shi ne a ƙasar Hausa akwai layi tsakanin wanda ke wasa don nishaɗi da wanda ke ci da shi, kuma na biyun an daɗe ana lissafa shi cikin maroƙa da ƴan kama. Yaro ya yi tashe da azumi kowa ya ba shi sadaka yana murmushi. Ya ce tashen ne sana'arsa, sai a fara tambayar wa zai ba shi ɗiya. Wannan tsoro yana da tushe, kuma wasan kirki kamata ya yi ya tono tushen, ya nuna mana shi.

Laifi na biyu shi ne labulen nan da aka ja. "Shekara 5 sun wuce." A cikin wannan jimla guda aka binne ainihin wasan. Daga Ɗan Kassari zuwa Yamai ya haura kilomita 300. Kafin yarinya ta hau mota sai an haɗa dosiye: takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, shedar bak, hotuna, sau da yawa har da takardar likita da ta kotu, a buga wa kowace hatimi. Wasu sai an je Dutsi. Kuma duk wannan yana faɗowa ne tsakiyar damina, bayan fitowar sakamako, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai zo ba, uban yana gona tun safe. Akuyar wa za a kai kasuwa? Wa zai raka ta? Gidan wa za ta sauka, kuma matar gidan za ta riƙe ta ɗiya ko ƴar aiki? A nan rikicin yake, a nan dariya da kuka suke, mu kuwa muka tsallake.

Da mun yi ɗan bincike da mun sa sunayen wurare a bakin yarinyar. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai akwai sashen fasaha da al'adu, wanda Farfesa Antoinette Tidjani Alou ta tsaya aka kafa. Akwai INJS, inda ake horar da ma'aikatan matasa da wasanni da al'adu. Mai son kiɗa da waƙa akwai cibiyar Elhaji Taya. Mai son aikin rediyo da tele akwai makarantar da a da ake kira IFTIC. In an ƙetare iyaka, a Benin akwai makarantar wasan kwaikwayo da Alougbine Dine ya kafa kusa da Kwatano, a Wagadugu akwai ISIS ta masu shirya fim. A Najeriya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano duka suna da sashen wasan kwaikwayo, sai dai can da Ingilishi ake karatu, kuma sai an bi ta jarrabawarsu ta shiga jami'a. Kowace cikin waɗannan tana da ƙa'idarta da lokacinta da kuɗinta, kuma suna canzawa, sai an je an tambaya. Jarumarmu ba ta ambaci ko ɗaya ba. Ta ce "Yamai" kawai, kamar Yamai ɗin aji ɗaya ce mai ƙofa a buɗe.

Sannan ga gwajin shiga. Makarantun wasan kwaikwayo galibi ba su tsayawa kan takarda kaɗai. Za a tsayar da kai gaban malamai, ka kawo wani yanki da ka haddace, a ba ka wani hali a ce ƙirƙiro shi nan take, a saurari muryarka, a dubi yadda kake sarrafa jikinka, a tambaye ka dalilin zuwanka. Yanzu ku sa kanku a matsayin uba. Ya san bak: an rubuta, an gyara, an kafe sunaye. Ya san kwankur na shiga makarantar horon malamai ta Doso: in ka ci, ka fito mushe. Amma jarrabawar da ɗiyarsa za ta tsaya ita kaɗai gaban baƙin maza ta yi kuka da dariyar ƙarya, su kuma su ce ta ci ko ta faɗi, ba tare da wata takarda da zai kai wa wani ya karanta masa ba? Ina ma a ce mun nuna wannan fage. Ina ma mun sa tsohon ya bi ta har Yamai, ya zauna kan dakali a waje da buta da carbi, yana jiyo muryarta ta taga. Da ba mu buƙaci gemun auduga ba.

Laifi na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne motar nan ta ƙarshe. Mun gaya wa iyaye cewa hujjar barin yaro ya yi wasa ita ce zai dawo da mota da kujerar Makka. In haka ne, duk wanda ya dawo a ƙasa, uban ne ya yi gaskiya ke nan. Kuma tarihin ƙasarmu bai goyi bayan motar ba. Ku nemi fim ɗin Rahmatou Keïta mai suna Al'lèèssi, na 2004, ku kalla. Labarin Zalika Souley ne, macen da ta fara yin suna a sinimar Nijar. Ta fito a fim ɗin Moustapha Alassane na 1966, ta fito a Wazzou na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. Saboda ta fito a muguwar mace, mutane suka ɗauka halinta ne, ta sha zagi da nuni da baki. Bayan duk wannan suna, fim ɗin ya same ta cikin rashi a Yamai, daga baya ta tafi Amurka aikin gida. Ta rasu a 2021. A makwabta ma, a 2016 ƙungiyar masu fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa. Uban da ya ji waɗannan labarai ya ƙi, ba jahilci ne ya sa shi ba. Wasanmu ya yi wa Zalika rashin adalci, don ya nuna kamar hanyar da ta ci ta shimfiɗaɗɗiya ce.

Kada wani ya ce na koma bayan masu hanawa. A'a. Ina da hujjar da ta fi mota, kuma tana nan cikin karkararmu. Lugu tana cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari. A nan Sarauniya ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma Aï Keïta, ƴar Burkina, ita ta fito a Sarauniya. Ta yi ƙoƙari, ba a raina mata ba. Amma duniya ta ga fuskar Sarauniyarmu ne a fuskar baƙuwa. In gobe wani ya tashi sake wannan fim, ya zo Arewa yana neman yarinyar da ta san tafiyar matanmu da zaurancensu da yadda suke yin shiru in sun fusata, kuma wadda ta koyi aikin, wa za mu miƙa masa? Wannan ita ce maganar da ya kamata jarumarmu ta gaya wa ubanta. Ba na ce zai yarda nan take ba, amma zai saurara.

Akwai kuma misalin Yazi Dogo kansa, wanda ɗan ƙasar Arewa ne. Malamin lakwal ne, da alli a hannu ya gina ƙungiyar wasansa a Damagaram har ƙasa duka ta san shi. Ga uban da ke tambayar abin da yaro zai ci, wannan amsa ce da zai gane: sana'a a hannun dama, wasa a hannun hagu, har wasan ya iya tsayawa da ƙafarsa. Wani zai ce wannan rabin mafarki ne. To, a sa gardamar a bakin ƴan wasa mana, yarinyar ta ce rabi ne, uwar ta ce rabin da ake ci ya fi cikakken da ake kallo, mu ga wa zai rinjayi wa.

Don haka ga roƙona ga abokaina, tunda na ji ana shirin maimaita wasan bayan girbi. Ku cire wa tsohon gemun auduga, ku ba shi tambayoyinsa. Ku sa yarinyar ta kasa amsawa a fage na farko, ta ji kunya, ta tafi ta tambayo. Ku buɗe labulen nan, mu ga layin hatimi a Dutsi, mu ga cinikin akuya, mu ga dakalin Yamai. Uwar da ta iya ƙirga canji haka, ku ba ta baki, don a gidajenmu sau da yawa ita ce ke sayar da abin hannunta a ɓoye. Motar kuwa ku mayar da bencinan aji. Ko wasan ya ƙare ba a san ta ci ko ta faɗi ba, babu laifi.

Kuma wannan ya wuce dandali. Cikinmu akwai waɗanda ke ɓoye wannan buri, na san aƙalla biyu. Kafin ka tunkari tsohonka, ka san sunan makarantar, ka san watan da ake karɓar dosiye, ka san kuɗin, ka san gidan da za ka sauka, ka nemi malami ɗaya da tsohon ke ganin girmansa ya raka ka. In ka je hannu rabbana ya ce a'a, kada ka fito ka rubuta wasa ka sa masa rawani a karkace.

Na karanta wa kawuna wannan kafin in miƙa shi a buga. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "To, in sun gyara, ka hwaɗa mini in zo da wuri in samu benci. Kuma ka ce ma yaron da ya yi tsohon, ba haka a ka riƙon sanda ba."