Salatif a Fuskar Fim: Dabarar Killace Hoto

Wanda ya zauna a rumfar masu cajin waya da tura fina-finai a Cadawa, bakin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ba zai daɗe ba sai ya ji ana kushe siddabarun fim ɗin Hausa. Wannan ya ce wutar aljani kamar zanen yara, wancan ya ce kwaikwayon Indiya ne kawai. Masu wannan suka da ɓataccen aiki suke auna sana'ar. Aikin da ya yi kyau ya sha wucewa ta gaban idonsu ba su lura ba, don dama an yi shi ne yadda ba za a gani ba. Sirrinsa shi ne killacewa: mai tace hoto ya shata wani sashe na allo, duk canjin da zai yi ya tsaya a cikin shatar, sauran hoton ya zauna yadda kyamara ta ɗauko shi.

Dabarar ta girmi Kannywood nesa ba kusa ba. A 1900 Georges Méliès na Faransa ya fito shi kaɗai a matsayin makaɗa bakwai lokaci guda. A 1903, cikin The Great Train Robbery na Amurka, an rufe gurbin taga wajen ɗauka, daga baya aka cusa hoton jirgin ƙasa yana wucewa. Indiyawa suka mayar da ita jari a labaran tagwaye: Dilip Kumar a Ram Aur Shyam (1967), Hema Malini a Seeta Aur Geeta (1972). Daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990 zuwa yau, aikin ya kai ga kwamfuta mai Adobe Premiere, sannan ya sauko zuwa wayar hannu mai CapCut ko KineMaster.

Inda gwaninta take fitowa fili shi ne fitowar Hasan da Husaini, mutum ɗaya a jiki biyu. Ana kafa kyamara a kan ƙafa uku, ba mai taɓa ta. Ɗan wasa ya zauna a hagu ya yi maganarsa, ya sauya riga da hula, ya koma dama ya ba kansa amsa. Mai tacewa ya ɗora hoto kan hoto, ya shata rabin na sama, rabin na ƙasa ya bayyana. Wannan kowane yaro mai waya zai iya. Tambayar ita ce: ina za a bi da layin? Sabon shiga yakan tsaga allo biyu a miƙe, ɗinkin ya fito ɓaro-ɓaro a jikin bango. Gwani kuwa tun a wurin ɗauka yake neman maɓoya: dirkar rumfa, bakin ƙofar zaure, gindin bedi. A nan yake binne layin, sannan ya tausasa bakinsa har launin gefen biyu ya narke cikin juna.

Daga nan sai yaƙi da rana. Mintunan da aka ɓata wajen sauya riga sun isa inuwa ta gusa, ƙasar hagu ta fi ta dama haske. Iska ta kaɗa ganye a ɗauka ta farko, ta kwanta a ta biyu. Kaza ta ratso tsakar gida, tana isa kan layin ta ɓace. Idan kuma Hasan ya miƙa hannu ya ƙetare iyaka, dole shatar ta bi hannun hoto bayan hoto. A fim mai hoto 25 cikin daƙiƙa, motsin daƙiƙa 10 hotuna 250 ke nan. Manhaja tana iya bin sawu, amma lafin babbar riga yakan ruɗe ta, sai an koma gyara da hannu.

Wasu na cewa koren ƙyalle ya kashe wannan wahala. Amma koren ƙyallen da ake kafawa a bayan ɗan wasa yana raba mutum da wurinsa, shi ya sa yakan fito kamar an liƙa shi. Killacewa tana barin sa a kan tabarmarsa, da ƙurar garinsu da haskensa.

Zancen kwaikwayon Indiya ma bai kama ba. Kowace mai ƙunshi a Aguié ko Gazawa ta san wannan ilimi. Takan yanka salatif ta jera a ƙafar amarya, ta shafa lalle a kai, in ya kama ta ɓare: inda aka rufe ya fito fari tas, inda aka bari ya yi ja. Marinan Ƙofar Mata a Kano sukan ɗaure sashen ƙyalle da zare don kada baba ya shiga. Ado a wurin Bahaushe ya daɗe yana tafiya da sanin inda za a hana launi zuwa, kuma ido irin na mai ƙunshi shi ne abin da mai tace hoto ya fi buƙata, gaba da sabuwar manhaja.

Saboda haka mai kallo a Cadawa, in ya sake ganin tagwaye suna gardama a allon wayarsa, ya tsayar da fim ɗin ya nemi ɗinkin a jikin dirka ko ƙofa. In ya rasa shi, ya haƙura har ƙarshe ya karanta sunan wanda ya tace hoton.