Kafin Fenti Ya Koɗe, A Ɗauki Muryar Unguwa

A Legas kwalliyar titi ba ta tsufa a inda aka kafa ta. A Oktoban 2017 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta buɗe mutum-mutumin Fela Kuti, aikin Abolore Sobayo, a shataletalen Allen da ke Ikeja. A farkon 2020 aka ɗauke shi don rage cunkoson motoci. Makarantar kan ruwa da Kunle Adeyemi ya tsara wa mutanen Makoko a 2013, ruwan sama ya rushe ta a Yunin 2016. Hotunansu na nan birjik a intanet. Abin da ke wuyar samu shi ne bakin waɗanda suka kwana suka tashi da su.

Shi ya sa nake goyon bayan abin da wasu masu zanen bango da masu wasan kwaikwayon titi suka fara yi: in an gama aiki, a zauna da mutanen unguwa, a ajiye waya a tsakiyar tabarma, a ɗauki hirar. Me ya burge ku? Me ya ɓata muku rai? Wa aka manta da shi?

Zaman kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Michael Etherton, da Oga Steve Abah daga baya, suka riƙa kai wasa Samaru da ƙauyuka irin su Bomo da Maska. Su tattaro damuwar manoma, su mayar da ita wasa a dandali, in an tashi a buɗe muhawara da 'yan kallo. A wannan muhawarar ake gane ko wasa ya taɓa zuciya ko dariya kawai aka sha. Sai dai mai neman abin da aka faɗa a can, yau galibi littattafan malamai da kundayen ɗalibai zai duba, da Turanci. Manomin da ya yi maganar bai iya komawa ya ji kansa.

Mu da ke Mile 2 darasin yana bakin ƙofarmu. Festac Town an gina ta ne don masaukin baƙin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977, har da hawan daba a Kaduna. A 1979 aka kafa cibiyar CBAAC don adana kayan bikin da faya-fayensa. Mawaƙa da masana sun sami shiga taska. To, mai shayin bakin tasha fa? Ɗan kasuwar goro na Zangon Agege, wanda jirgin ƙasa ya kawo kakanninsa, wa ya tambaye shi yadda ya ga bikin? Masu wannan labari yanzu tsofaffi ne, kullum raguwa suke yi.

Kuma unguwannin ba sa tsayawa jiran kowa. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a Maris ɗin 2021 ta sauya fuskar Agege. Jirgin ƙasa na Blue Line ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a Satumbar 2023. Duk inda aka faɗaɗa titi, rumfuna da bangaye ne ke fara tafiya, da zanen da ke jikinsu.

Amma goyon bayana da sharaɗi. Akwai ɗaukar murya ta ganin ido: a tara shugabanni, kowa ya ce an gode Allah ya saka da alheri, a yanko minti biyu a aika wa mai ba da kuɗi. Wannan talla ce. Hirar gaskiya da Hausa za a yi ta, da Yarabanci ko burokin ga maƙwabta, kowa da harshen da yake faɗa da shi. A gaida Sarkin Hausawa a nemi izininsa, sannan a wuce wurin mai wankin takalmi da ɗan dako da mai faci. Mata ba sa zaman majalisa, don haka mace ce za ta shiga gidaje da wayar. Sannan a tuna cewa tun da aka matsa wa 'yan acaɓa a Legas, mutanenmu na ɗari-ɗari da duk mai ɗaukar hoto ko murya. Wanda ya ce a sakaya sunansa a sakaya, wanda ya ce a goge a goge.

Wani zai ce kuɗin fenti ma da ƙyar ake samu, ina na surutu? Ai babu abin da ya kai wannan sauƙi: waya ce da tabarma da butar shayi. Tsadar tana wurin mai zane, da zai jure jin an ce masa surar mutum da ya zana kusa da masallaci ba ta yi wa jama'a daɗi ba, ko kuwa an share wurin sana'ar wani don a fito da bango. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abu na ƙarshe, muryar ta zauna a unguwa. A ba ƙungiyar 'yan kasuwa da makarantar Islamiyya kwafi, a tura a zaurukan WhatsApp na unguwa, a kunna a majalisa kowa ya ji. Duk mai zanen da zai zo nan gaba, sharaɗin ba shi bango shi ne ya fara zama ya saurara.